Randa Biyu a Tsakar Gidan Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya riga mu, ranar wata Laraba da hantsi. Wannan ba ni da ja a kai. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganganun da na zauna ina sha a kan tabarmar makoki.

Mata sun cika tsakar gidansa a cikin garin Yola, wasu daga Jimeta, wasu daga Yolde Kohi. Kowace ta shigo da "Allah hokku munyal", wato Allah ya ba da haƙuri, sai ta nemi wuri ta gyara mayafi, ta fara ba da labarin jinyar da ba ta gani ba.

"'Ya'yansa kam sun yi ƙoƙari," in ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu. "Magani ba irin wanda ba a ba shi ba. An ba shi, an ƙara, an sake ƙarawa, ciwon bai ji ba. Kwana ne ya ƙare."

"Wallahi kuwa," in ji ta kusa da ita. "Har daga Abuja aka kawo wani."

Adda, babbar 'yar Kawu, ta sunkuyar da kai tana karɓar yabo. A zaure kuma Hamma, babban ɗansa, yana ta miƙa hannu, maza na ce masa ba kowane ɗa ne zai bar ofis ya zo ya zauna jinya ba. Ina jiyo su suna ta "marigayi Dokta". Da Kawu zai ji su da ya ja tsaki, don duk wanda ya ce masa Dokta a rayuwarsa sai ya tsayar da shi ya ce, "Ni ba likita ba ne. Ni mai haɗa magani ne, kuma bai yi mini kaɗan ba."

Ni 'yar ƙanwarsa ce. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifiyata, yanzu ina koyarwa a wata firamare a Jimeta, ina zaune a Bekaji. Ban iya rubutun yabo ba, kuma ba shi na zauna yi ba. Na ɗauki alƙalami ne don akwai wata mata da ta zauna a gidan Kawu, wadda ke haɗiyar irin ƙwayar da Kawu ya haɗiya, safe da yamma, kuma hannayen da suka yi jinyarsa su ne suka rage a kanta. Duk kwanakin makokin tana can bayan gida tana fama da tukwanen masu gaisuwa. Ba wadda ta ce mata ita ma Allah ya ba ta haƙuri.

Kawu gajere ne, siriri, da tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a bayan tagar ba da magani ta wani asibitin gwamnati. Bai taɓa ƙirga ƙwaya da yatsa ba. Yana da ɗan faranti na ƙarfe da wata wuƙa marar kaifi, da bayanta yake tura ƙwayoyin biyar biyar, leɓensa na motsi. In ka yi masa magana a tsakiya, sai ya mayar da su duka ya faro daga farko, ya bar ka a tsaye.

Gaisuwarsa ma abin tsokana ce a dangi. Kafin ka gama "ina kwana" ya jefo maka, "Me ka riga ka sha?" In ka ce ba ka sha komai ba, sai ya dube ka ta saman tabarau har sai ka tuna da ƙullin da ka saya a tasha. Da ya yi ritaya mutane suka yi ta matsa masa ya buɗe kemis. Ya ƙi, ya tafi noman shinkafa wajen Njuwa, noman da bai taɓa iyawa ba. Tsuntsaye sun fi mu cin shinkafar Kawu. Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da faɗa, yana da tsaki, kuma in ya ga ka yi wauta ba ya jira sai baƙi sun tashi.

Shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola da ƙafa suna gudun masu kashe-kashe, aka cika makarantu da masallatai da coci-coci da gidajen mutane. Ba wanda ya kira Kawu. Kullum da safe sai ya saka farantinsa a jaka ya hau keke napep zuwa wata makaranta da aka sauke su, ya zauna a gindin bishiya yana tambayar mutane me suka riga suka sha. Ranakun da ba ni da aji nakan bi shi.

A nan na ga irin taimakon da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Masu hali sukan zo da kwalayen magani da mai ɗaukar hoto. A jera mutane, a miƙa, a ɗauka, a tafi. Gobe wasu su zo su yi nasu.

Akwai wata mata a cikinsu da ta rabu da mijinta da 'ya'yanta a hanya, ba ta sake jin ɗuriyarsu ba. Tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Abin da ta tsira da shi kawai shi ne tsohon kwalin maganinta, babu komai a ciki, ɗaure a bakin zane. Duk wanda ya zo rabo sai ta nuna masa, shi kuma ya duba kayansa ya ba ta. Ba a jima ba ta fara tangaɗi, harshenta ya yi nauyi, in ta miƙa hannu ɗaukar kofi sai ta wuce shi. Nan take aka yanke mata hukunci. Aka ce ai mutanen dutse ne, burukutu take samowa a ɓoye. Ranar da muka tarar da ita, mata sun fitar mata da tabarmarta waje, ana shirin korarta.

Kawu ya durƙusa a gabanta. Ya shinshina bakinta, ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi. Sai ya ɗaga yatsa ya ce ta bi shi da ido, ya kai dama, ya kai hagu. Ni ma da ban san komai ba na ga ƙwayar idonta tana rawa. Ya sa ta kwance bakin zanenta. Kwali uku suka faɗo, launi daban daban, ɗaya kafso ne, biyu ƙwaya. Ya karanta ƙananan rubutun da ke jikinsu, ya ce duk abu ɗaya ne, fenitoyin, maganin farfaɗiya. Tana shan na kowa, don kowa ya ce mata nasa mai kyau ne.

Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, wani Alhaji da ke jagorantar masu rabo yana wurin ranar. Kawu ya tafi da kwalayen ya zube masa su a kan tebur.

"Alhaji, wa ya ce a ba ta wannan a kan wannan?"

"Malam, sadaka muka kawo. Ciwo ya yi yawa a ƙara magani, wannan ai ko yaro ya sani."

"To yaro ne kaɗai ya san haka," in ji Kawu. "Hoto kuka zo ɗauka, ku ɗauka ku tafi. Ku bar rabon abin da ba ku iya karanta sunansa ba."

Kafin la'asar an gaya masa kada ya sake taka makarantar. Ya ce ya ji. Ya tare keke, ya sa na riƙo matar, muka kai ta wurin wani likita da suka yi aiki tare. Likitan ya ce abin da Kawu ya gani haka yake. Da aka sallame ta ba ta da wurin zuwa, Kawu ya ce a share ɗakin marigayiya matarsa. Tun daga ranar yake ce mata "'yata". Sauran mutanen gida kuwa Baƙuwa suka sa mata. Shekara goma tana shara da girki da wanki a gidan, har ranar da aka fita da gawarsa Baƙuwa ake ce mata, ni ma a ciki.

Bayan ta warware, wata ranar Asabar da yamma, Kawu ya tara mu a tsakar gida. Hamma ya zo hutu, Adda ma tana nan. Ya sa aka jawo randa biyu aka cika su da ruwa. Ɗaya tsohuwa ce, tana da huda a gindi da aka toshe da tsumma. Ya zare tsumman, ruwa ya yi tsartuwa har bakin rariya.

"Ku duba," in ji shi. "Tana cike, tana zubarwa da ƙarfi. Ku jira."

Muka jira. Da ruwan ya sauka rabi, tsartuwar ta rage tsawo. Da ya kusa gindi sai ɗiga.

"Yawancin magunguna haka suke barin jiki. Jiki yana cire kaso ne daga abin da ke ciki. In ya cire rabi cikin awa huɗu, wata awa huɗun zai cire rabin abin da ya rage, haka har ya ƙare. In da yawa a ciki, da yawa zai fita. In kaɗan ne, kaɗan. Ka ƙara kaɗan, ya hau kaɗan, ya tsaya. A makaranta fas-oda muke ce masa. Ni mai huda nake ce masa."

Sai ya juya ga randa ta biyu, wadda ba ta da huda, ya miƙa wa Baƙuwa moɗa.

"'Yata, ke ce hanta yau, mai fitar da magani daga jiki. Duk na tafa, ki ɗebi moɗa ɗaya ki zubar. Ko randa ta cika ko ta yi rabi, moɗa ɗaya. Ba ki da hannu na biyu."

Ya tafa, ta ɗiba. Ya tafa, ta ɗiba. Sai ya ɗauko bokiti ya ce wa Hamma duk ta ɗebi ɗaya, shi ya zuba ɗaya. Ruwa ya tsaya wuri guda.

"Yanzu zuba ɗaya da ɗan ƙari. Ɗan kaɗan fa."

Hamma yana dariya yana zubawa. Baƙuwa tana ɗiba iya ƙarfinta. A hankali ruwan ya riƙa hawa, bai tsaya ba, har ya kawo baki ya malalo mata a ƙafa.

"Wannan shi ne ziro-oda, mai moɗa. Ba su da yawa, amma su ne masu kisa. Giya haka take, shi ya sa ko ka ba mashayi goro ƙwarya guda, ko ka yi masa wanka da ruwan sanyi, ba za ta fita da sauri ba. Maganin 'yata kuwa munafuki ne. In yana kaɗan a jiki sai ya yi kamar mai huda. Da ya ɗan taru, hanta ta cika hannu, sai ya koma mai moɗa. Daga nan ƙwaya ɗaya tak da aka ƙara, sai ta yi ta taruwa kullum. Mutum ya fara tangaɗi, ido ya yi rawa, barci ya yi yawa. Wani ma faɗuwar ce za ta ƙaru, jahili ya gani ya ce magani ya yi kaɗan, ya sake ƙarawa. Ba mai ƙara wannan sai likita, shi ma da ɗan mitsitsi, yana dubawa."

Adda ta ce an ɓata mata ruwa an jiƙa mata tsakar gida. Hamma ya ce Baba ya kamata a ba shi aji a jami'a. Ni na yi dariya, na ce zan yi wa ɗalibaina. Baƙuwa kuwa ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tsaye da moɗar tana kallon ruwan da ke ƙafarta.

Daga baya har mutane Kawu ya riƙa rabawa haka. In ya ga ana yi wa wani dogon bayani sai ya ce, "Ku bi shi a hankali, mai moɗa ne, magana ɗaya yake ɗauka a lokaci guda." Ni yakan ce mai huda ce, duk abin da aka zuba mini sai ya zube kafin in kai ƙofa. Ina jin haushin wannan maganar a da. Yanzu na san bai yi mini ƙazafi ba.

Shekara goma, kowace safiya da kowace yamma, sai ya fito da farantinsa ya tura wa Baƙuwa ƙwayarta da bayan wuƙa, duk da ta fi kowa sanin adadinta. Ta yi ƙiba, ta koyi Fulatanci, ta karɓe gonar Njuwa daga hannunsa, muka fara cin shinkafa.

Bana da damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya rufe. Yana ji, yana gane kowa, amma kalma ba ta fita. Bayan kwanaki ya fara jijjiga irin ta farfaɗiya, likita ya rubuta masa magani, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Da aka kawo, Baƙuwa ta kalli kwalin ta ce, "Irin nawa ne." Aka karɓe kwalin aka wuce.

A nan ne halinmu ya fito. Mu mutanen Yola muna da abu biyu da muke taƙama da su, neman albarkar iyaye da kunyar na gaba. Su biyun suka haɗu a kan Kawu. Kowa yana so a ce da hannunsa ya ba Baba magani. Adda tana ba shi na asibiti. Hamma ya sauka daga Abuja da wani a farin kwali mai rubutun zinariya, ya ce wannan na waje ne, ya fi ƙarfi, kuma shi da kansa zai riƙa ba shi. Adda ba za ta tambayi yayanta abin da ke cikin kwalin ba, rashin kunya ne. Hamma ba zai tambayi mata abin da suka ba shi ba, raini ne. In baƙi sun zo dubiya kuwa, a lokacin ne ma aka fi tunawa da magani, a ɗago kansa a gabansu, a ce bismillah.

Kawu ya fara datse haƙora. Da ya ga hannu ya nufo shi da ƙwaya sai ya kawar da kai, ya ture da hannunsa mai lafiya. Aka ce rigimar tsufa ce, dama can mai taurin kai ne. Adda ta samo dabara, ta riƙa daka ƙwayar tana zubawa a kunu. Har yabonta aka yi a kan wannan dabarar.

Ranar wata Juma'a na tashi daga makaranta na hau keke zuwa Yola. Na tarar yana ta barci da rana tsaka, an ce da safe ya sake jijjiga. Baƙuwa ta tare ni a bakin madafa ta kama mini mayafi, ta yi mini magana da Hausarta da har yau ba ta nuna ba.

"Malama, zo ka gani ido na Baba. Yana rawa irin nawa na da. Magani ya yi yawa. Na Hamma da na Adda abu ɗaya ne, na duba rubutu, iri ɗaya ne."

"Kin gaya musu?"

"Na gaya wa Adda, ya ce in koma wajen tukunya. Hamma kam ba zan iya ba. Kai ka yi makaranta, kai ka gaya musu. Randa ya cika, Malama."

Na shiga ɗakin. Kwalayen biyu suna kan taga. Na iya karatu, aikina ke nan, da shi nake ci. Na ɗauki na Hamma na juya, na ga sunan, na ajiye. Hamma yana zaune da abokansa biyu da suka zo daga masallaci. Na auna yadda zan buɗe baki a gabansu in ce wa yayana, wanda ya girme ni da fiye da shekara goma, yana kashe ubansa. Na ce wa kaina bari baƙi su tafi.

Baƙi ba su tafi ba sai ga Adda da kofin kunu. Ta ce, "Ke kullum kina Jimeta, karɓi ki ba shi da hannunki, ke ma ki samu albarka." Na san abin da ke cikin kunun. Na karɓa. Na tallafo kansa, ya buɗe ido ya dube ni, ƙwayar idon tana rawa kamar yadda Baƙuwa ta faɗa. Ya datse haƙora. Na ce, "Haba Kawu, daure." Ban sani ba ko don ni ce, ko don ƙarfinsa ya ƙare, sai ya saki baki. Cokali bakwai na ba shi. Abokan Hamma suka ce Allah ya yi mini albarka.

Na koma Bekaji da niyyar gobe zan kira Hamma gefe. Goben ta zo, na ce sai jibi. Ranar Lahadi ana ba shi kunu yana cikin wannan barcin, ya ƙware, kunun ya bi ta huhu. A asibiti wata likita, yarinya ƙarama, ta ce a kawo mata duk abin da yake sha. Da aka zube mata kwalayen ta ƙirga gurbin ƙwayoyin da aka ɓalle, ta sake ƙirgawa, ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce maganin ya taru masa a jini, shi ya kawo barcin. Hamma ya ce mata a bar tone-tone, a yi abin da za a yi. Sun yi iya yinsu kwana uku, ranar Laraba ya cika. Da muka dawo gida ba wanda ya sake ɗaga maganar likitar, kamar ba a yi ba.

Na yarda da ƙaddara, kada wani ya karanta wannan ya ce na yi saɓo. Amma ina ƙyamar yadda muke shimfiɗa ta a kan ƙazantarmu don kada a gani. Ina ƙyamar yabon da aka yi ta yi mana. Na fi ƙyamar kaina, don su Hamma sun manta da randa ne, ni kuwa an tuna mini a bakin madafa, kuma na karɓi kofin.

Ranar addu'ar bakwai, bayan Modibbo, malamin unguwa, ya shafa fatiha maza sun fara watsewa, sai muka ji faɗuwar tukunya a bayan gida. Baƙuwa ce. Kwana bakwai tana tsaye a kan wuta, ba barcin kirki, ba cin kirki, ga kukan da take yi a ɓoye. Rabonta da faɗuwa an yi shekaru. Na ture itacen wuta daga kusa da ita, na juya ta gefe kamar yadda Kawu yake yi, har jijjigar ta lafa. Aka ɗauke ta aka kwantar a tabarma a tsakar gida, mata suka kewaye ta ana salati. Idonta a buɗe, amma ba ta dawo ba tukuna, ba ta iya magana.

Hamma ya shigo, ya tsaya a kanta, ya ce, "Nata ya daina yi mata aiki. Adda, ɗauko sauran na Baba, mai farin kwalin, a ba ta biyu."

Adda ta tafi ta ɗauko. Tsohuwar nan maƙwabciya ta ce Allah ya saka wa Hamma, ko baƙuwa bai bari ba. Aka kawo ruwa a kofi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge kwalin daga hannun Adda.

"Ba mai ba ta komai."

"Ke, lafiyarki?" in ji Hamma. "Da wa kike?"

"Da kai nake, Hamma. Da Adda nake. Da kaina nake." Na ɗaga kwalin sama. "Wannan da na asibiti abu ɗaya ne. Kai kana ba shi, Adda tana ba shi, ni ma na ba shi ranar Juma'a, kuma ni na sani. Ba taurin kai ya sa ya datse haƙora ba. Ƙirgawa yake yi. Duk rayuwarsa ƙirgawa yake yi, yana kwance yana kallonmu muna zubawa, ba bakin da zai ce ya isa."

Randar nan marar huda tana wurinta a gindin bango, da moɗar a kan murfi. Na nuna ta.

"Kai ka riƙe bokiti ranar, Hamma. Kana dariya. Wannan da ke kwance ita ta riƙe moɗa, ita kaɗai ta ji. Ta faɗa, aka ce ta koma wajen tukunya."

Adda ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Hamma ya ce ba ni da kunya, na tozarta gida a gaban mutane ranar addu'ar ubansa. Wata ta ce aljanu ne suka taɓa ni. Wataƙila duk sun yi gaskiya a kan kunyar, don ranar na neme ta na rasa, kuma ban yi kewarta ba. Na leƙa waje na tare keke. Mata biyu suka taya ni ɗaukarta. Na koma ɗakin Kawu na ɗauko farantinsa da wuƙarsa da gwangwanin maganinta, ba wanda ya hana ni.

Har yau Hamma bai amsa gaisuwata ba. Adda ta aiko mini da tuwo sau ɗaya, ba saƙo. 'Yar Kawu tana wurina a Bekaji, haka nake kiranta yanzu, ko da yake na makara da shekara goma. Likita ta duba ta, ta ce a bar adadin yadda yake, ta huta kawai. Safe da yamma takan fito da farantin ta tura wa kanta ƙwayarta da bayan wuƙa. Ni ba na taɓa gwangwanin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da ya sha a hannunmu ya zama kankarar zunubi gare shi. Mu kuma Allah ya yafe mana, in shi Kawun ya yafe.

A cikin keken nan, ranar bakwai, mun kusa shiga Jimeta kanta yana kan cinyata, sai na ji ta motsa. Ta dube ni, ta dubi rufin keken, ta lashe leɓe. Ba ta tambayi inda muke ba, ba ta tambayi inda za mu ba.

"Malama," ta ce, da ƙyar. "Nawa aka ba ni?"

Na ce, "Ko ɗaya."

Ta mayar da ido ta rufe. Ni kuwa a nan na fara kukan Kawu, wanda na kasa yi kwana bakwai a kan tabarma.